Inda Na Yanke Fim ɗin Mai Guduma

Ka shiga unguwar Bani Malik ka tambayi gidan Rafi'u Baturke, ko makaho zai nuna maka. Ni ba Baturke ba ne, ban taɓa taka ƙasarsu ba, in ka ce in faɗa maka yadda suke cewa ruwa ban sani ba. Iyayena daga Haɗeja suka taho hajji da ƙafa, suka haife ni a nan Jidda, suka mutu suka bar ni da ƙugiyar dako da wuya mai kauri. Shekara arba'in da ɗoriya ina sauke jirgin ruwa a tasha. Buhun siminti ya faɗo mini daga sama, na tashi na karkaɗe jiki. Igiyar ƙarfe ta tsinke ta kwashe mutum biyu a gefena, ni rabin kunne kawai ta samu. Sau uku ana kama ni a kan takarda, sau uku ina fitowa da ƙafata. Makaranta ban shiga ba ko don fakewa rana, amma ban ga mai karatun da ya fi ni sanin ta inda rai yake fita ba.

Sunan Baturke daga sinima na samo shi. A zamanin samartakarmu akwai sinima a Jidda, ba irin ta yanzu mai sanyi da kujerar katifa ba. Hoshi muke ce mata, wato fili ne da katanga, a rataye farin zane, a jera benci. Fina-finan kuwa ma'aikatan jirgi ke zuwa da su cikin gwangwanaye, ni nake fito da su a tsakiyar buhunan shinkafa in kai wa mai hoshin, wani ɗan Hadramaut mai ido ɗaya. Na Indiya rawa ce. Na Masar soyayya da kuka. Na Turkawa kuwa, baƙi da fari, mu ne a ciki: mutum da yagaggen takalmi, mace da goyo tana tuƙa tukunyar da babu komai, mai gida da gashin baki yana cin nama tare da alƙali. Matsalar ita ce babu mai jin yaren, kuma babu rubutu a ƙasa, ko akwai ma wa zai karanta? Sai ni na riƙa tsayawa a gefen zanen ina ba kowa baki. In talaka ya buɗe baki in yi masa Hausa, in mai gida ne in yi masa Larabci. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma ai talaka ba sai ya yi magana ba. Ka ga yadda yake cire hula yana murɗa ta in mai gida ya shigo, ka gama jin labarin.

Akwai ɗaya da ya fi duka. Sunansa na gaskiya babu wanda ya sani, mu Mai Guduma muke ce masa. Wa da ƙane ne suna fasa dutse a ramin wani attajiri. Dutse ya rufta wa wan, attajirin ya hana a tsayar da aiki, aka ci gaba da lodi gawa na ƙasa. Ƙanen ya je gun hukuma aka koro shi, ya je gun alƙali ya tarar da attajirin a kan tabarmarsa. Sai ya ɗauki gudumarsa ya nufi gidan attajirin, yana tafe a hankali, mutanen gari na buɗe taga suna kallo.

Ranar farko mun haska shi har ƙarshe, don ni ma ban san abin da ke gaba ba. Bai kai ƙofa ba. Taku uku ya rage masu gadi suka buɗe masa wuta, ya faɗi a kan gudumar. Aka ja shi ta ƙafa kamar mushen jaki, aka fito da matarsa daga ɗakin haya cikin ƙanƙara, attajirin kuwa ko leƙowa bai yi ba, yana shan shayi. Halas, fim ya ƙare.

'Yan dako sun fi ɗari biyu a hoshin nan. Na ji shiru irin na kafin igiya ta tsinke. Sai benci ya tashi sama. Aka yaga zanen da ƙugiya, aka fasa fitilar injin, mutumin Masar da ke juya injin aka kafe masa tafin hannu a jikin tebur da wuƙa. Wanda bai samu abin duka ba ya juya kan na kusa da shi. Ni mutum shida suka yi kaina, wai ni na kashe shi da bakina. Na karya wa ɗaya haƙarƙari da ƙafar benci, na ciji kunnen wani, na haura katanga da rigata a hannunsu. Da gari ya waye na je na samu mai hoshin na ce ba ni almakashi. Na ɗaga fim ɗin a rana ina duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, har na zo inda mutumin ya ɗaga guduma a gaban ƙofa, kafin a ga bindiga. Nan na yanke. Sauran na jefa a teku.

Daga ranar, in an zo wurin sai zane ya yi fari, ni kuma in ɗaga murya: "Ya shiga! Ya fasa kansa kamar kankana! Ya ɗauki matarsa sun hau dutse, har yau ba a gan su ba!" Sai tafi, sai kabbara. Ba a ƙara karya benci ko ɗaya ba. Da aka rufe hoshi na sa aka juye mini shi a kaset, yadda yake a yanke. Waɗanda suka ga ƙarshen gaskiya duk ƙasa ta rufe su, ni kaɗai na rage.

Har bara ina da wannan kaset, da tsohon bidiyona da nake gyarawa da kaina. Duk Juma'a bayan an sauko, 'yan dakon sito-sito na kudancin tasha sukan cika mini ɗaki, a saki labule, in kunna in tsaya a gefen talabijin kamar dā. Suna da duniya a wayoyinsu, amma wayar ba ta iya zagin mai gida da Hausa.

Cikinsu akwai surukina Nuraddeen, mijin autata Mastura. Bahaushen Sudan ne, dogo, ba ya da yawan magana. Shekara tara yana auren 'yata bai taɓa kallon tsakiyar idona ba, bai taɓa cin abinci a gabana ba. Bayan ƙofa yake zama. Shi da wansa Othman suna aiki a siton shinkafar wani mai suna Meshari, shi ne kuma kafilinsu, wato wanda ya tsaya musu a hukuma, iƙamarsu, takardar zaman ƙasa, tana hannunsa. Mai kula da ma'aikatan sunansa Raed.

Buhu yana da yadda ake jera shi. Ana sarƙa shi ne kamar ginin bulo, wannan a tsaye wannan a kwance, kuma akwai inda ake tsayawa. Wannan ko a mafarki aka tashe ni zan koya maka. Raed yana son ya cusa kayan jirgi biyu a wurin na ɗaya, ya ce a ɗora a miƙe har rufi. Othman ya ce zai zube. Raed ya ce shi da aka ɗauko don ya ɗauki kaya, wa ya tambaye shi lissafin gini? Ranar Talata da azahar jerin ya zube, Othman na ƙasa.

Da suka janye buhunan yana numfashi. Ƙirjin ya lotsa, jini na fita ta hanci, amma yana kiran sunan Allah. Raed ya kira Meshari a waya, ya saurara, ya ce to. Sai ya sa masu gadi suka ɗora Othman a kan katakon lodi, suka fita da shi ta ƙofar baya, suka kwantar da shi a bakin titi, don a ce mota ce ta buge shi ta gudu. Kwalta a wannan lokacin ko ƙwai ka fasa zai soyu. Ya fi awa a wurin. Nuraddeen a lokacin ya fita kai kaya, da ya dawo shi ya tsince shi, fatar bayansa ta manne da titi. A cinyarsa ya cika.

Nuraddeen ya shiga siton da jinin a rigarsa ya shaƙe Raed. Masu gadi huɗu suka rufe shi da tiyo da sanduna har ya daina motsi, suka watsa masa ruwa. Aka tara sauran ma'aikatan aka ce duk wanda ya ga wani abu ban da mota, ya haɗa kayansa. Kowa da 'ya'ya. Takarda ta fito, mota ce.

Juma'ar da ta biyo bayan sadakar bakwai ban yi zaton kowa zai zo ba, sai ga su mutum tara, har da Nuraddeen, leɓensa a ɗinke. Na ce yau a sha shayi kawai a yi addu'a.

"Baba," in ji shi daga bayan ƙofa, "a sa mana Mai Guduma."

Wani Muath, haifaffen nan, direban motar ɗaga kaya, wanda Hausarsa rabi Larabci ce, ya so ya sassauta ɗakin. "Yalla ya ammi, sa mana. Amma wallahi yau ina ƙirgawa. Wancan karon Baturken ya buɗe baki sau ɗaya, kai ka yi masa magana ta kai huɗubar Juma'a."

"Turkanci haka yake, ɗan banza. Kalma ɗaya buhu ce, sai an kwance."

"To ta ina ya san Haɗeja? Na ji ya ce ubanka na Haɗeja."

"Mai ilimi ne. Ba irinka ba, da ko sunan kakarka sai ka duba waya."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na kunna. Ban taɓa ba fim ɗin nan baki kamar ranar ba. Da dutse ya rufta wa wan, babu wanda ya kalli bayan ƙofa. Aka zo wurin, mutumin ya ɗaga guduma, talabijin ya koma yashi. Kafin in buɗe baki Nuraddeen ya riga ni.

"Baba, bayan nan. Da gaske ya shiga?"

Na juya, sai na ga idonsa cikin nawa. Shekara tara, sai ranar.

Na sani. Wallahi na sani, kamar yadda nake sanin buhun da zai zame tun yana sama. Amma sauran mutum takwas sun zuba mini ido, kuma shekara hamsin ina faɗin abu ɗaya. In ce musu Rafi'u Baturke almakashi ya sa? Bakina ya tafi da kansa.

"Ya shiga mana! Masu gadi suka watse kamar kaji. Bugu ɗaya, ƙwaƙwalwa har rufi. Irin waɗannan mutanen, ɗana, tsoronmu ne katangarsu. Ranar da mutum ɗaya ya taho a miƙe, babu mai tare shi."

Wannan na ƙarshen ban taɓa faɗinsa ba sai ranar. Daɗin baki ne ya kawo shi. Nuraddeen ya ce, "Na gode, Baba," ya sunkuyar da kai.

Washegari da hantsi ina shan shayi Mastura ta faɗo ɗakin ko sallama babu, abayarta a karkace.

"Baba, ya yi wanka ya sa farar riga. Ya ba ni wayarsa da makullin gida. Ya ce in yafe masa. Me zan yafe masa, Baba?"

Na ɗaga kai na dubi bango. Ƙugiyata ta dako, mai ƙotar itacen da hannuna ya cinye, tana rataye a ƙusa tun ranar da na bar tasha. Ƙusar ce kawai a wurin.

Duk Asabar kafin azahar Meshari yakan zo duba sito, kowa ya sani. A ƙasar nan kuwa wanda ya kashe, takobi ne, babu dutsen da za ka hau da matarka. In ma bai kai ga kisan ba aka same shi da ƙarfe a hannu a ƙofar kafilinsa, ya gama ganin 'ya'yansa. Na ce wa Mastura ta zauna kada ta kira kowa. Na fita ko hula ban ɗauka ba, na tari tasi, na ce wa direban in ya tsaya a danja zan tuƙa da kaina.

Na same shi a tsallaken ƙofar siton, a inuwar wata tirela da aka ajiye, ya jingina da taya, hannun dama cikin riga. Rana ta daki kwanon sito-siton nan har iska na rawa. Masu gadi biyu na zaune a rumfarsu, ba su lura da shi ba.

"Ba ni ƙugiyata."

"Baba, ka koma gida. Rana za ta yi maka illa."

"Rana ta san ni kafin a haifi ubanka. Ba ni."

Ya mayar da ido kan hanya. Sai na faɗa masa. Abin da ban faɗa wa uwar Mastura ba har ta koma ga Allah, na faɗa masa a tsaye a bayan tirela: taku ukun, bindigogin, yadda aka ja shi ta ƙafa, matar a cikin ƙanƙara, shayin attajirin, almakashin. Na ce, "Bai shiga ba, Nuraddeen. Ko ƙofar bai taɓa ba. Ni na yanke da hannuna."

Ya ce, "Jiya ka ce ya shiga."

"Ƙarya na yi."

"Shekara hamsin?"

"Shekara hamsin."

Ya ɗan yi murmushi da ɗinkakken leɓen. "To mai ƙaryar shekara hamsin, ta yau ce za ta gagare shi? Mastura ce ta turo ka. Allah ya saka da alheri, Baba. Ka riƙe mini yaran."

Ka ji inda bakina ya kai ni. Ranar da na faɗi gaskiya ita ce ranar da ba a yarda da ni ba.

Sai ga farar motar Meshari ta karyo kwana, doguwa, gilashi baƙi. Ta rage gudu don a buɗe mata ƙofa. Nuraddeen ya zaro ƙugiyar ya taka. Na cafke shi ta ƙugu da hannu biyu, riƙon da nake yi wa buhu mai zamewa. A zamanina mutum ba ya fita daga wannan riƙon. Amma takarda ta ce shekarata saba'in da huɗu. Ya girgiza kafaɗa sau ɗaya, na tafi da baya, fuskata ta daki ƙarfen gefen tirelar. Na ji haƙora biyu sun faɗo kan harshena, jini ya cika mini baki, na zube.

Ya yi taku huɗu. Sai ya waiwayo.

Da wani ne da ya wuce. Shi kuwa ya ga uban matarsa a ƙasa, da hannunsa ya kayar da shi. Ya dawo da gudu yana cewa, "Innalillahi, Baba, sannu, ban yi niyya ba," ya sunkuya zai ɗaga ni. A ƙarƙashin tirelar, daidai hannuna, akwai sandar ƙarfen da direbobi ke ɗaure igiyar kaya da ita.

Na san gwiwa. Ta gaba ba ta karyewa da sauƙi, ta gefe ake bugunta, daga waje zuwa ciki, lokacin da nauyin mutum ke kanta. Na haɗa abin da ya rage mini na shekara arba'in a tasha na sauke masa. Ƙarar kamar an taka busasshen katako. Ƙafar ta lanƙwashe ta inda Allah bai yi ta ta lanƙwashe ba. Bai yi ihu nan take ba, ya buɗe baki ne kawai yana kallona, ya tafi ƙasa. Ƙugiyar tana hannunsa har yanzu, yana ja da gwiwar hannu zai nufi titi. Na ƙara masa a wuyan hannu. Sai ya saki. Sai ihun ya fito.

Wasu za su ce kunyar surukuta ce ta kayar da shi ba ƙarfina ba. Su faɗa. Ba su ne a bayan tirelar ba.

Masu gadi sun ji. Na ga ƙafafunsu ta ƙarƙashin tirelar suna tahowa. Na fizgi ƙugiyar na cusa ƙarƙashin rigata na zauna a kanta da sauri, bakin ya shige mini cinya ta baya har na ji ya taɓa ƙashi. Ban motsa ba. Raed ne ya fara isowa, da ganin Nuraddeen ya sa ƙafa ya shure shi a ciki.

"Kai ne kuma, ya kalb, karen banza? Dukan rannan bai ishe ka ba?"

Masu gadin suka sa sanduna. Na miƙa hannu na jawo kansa cikin cinyata na kifa a kansa, sanda biyu suka sauka a bayana, ɗaya a ƙeya. Ina tofar da jini ina ihu da Larabci: "Ɗana ne! Na riga na hukunta shi! Ku dubi ƙafarsa!"

Suka duba, suka tsaya. Ko Raed sai da ya kawar da kai.

Farar motar ta matso har gabanmu, gilashi ya sauka. Sanyin ciki ya bugi fuskata da ƙanshin turaren itace. Meshari bai kai hamsin ba, gemu a gyare, fata kamar ba ta taɓa ganin rana ba. Ya cire tabarau.

"Mene ne wannan, Raed?"

Na riga Raed magana. Shekara hamsin ina sa wa mutane magana a baki, ranar na sa wa kaina ta talakan cikin fim, har da murɗa gefen riga tunda babu hula. "Allah ya ja kwana, ya ammi. Mijin 'yata ne. Tun da mota ta kashe ɗan'uwansa kansa ya taɓu. Ya zo ne zai yi kuka a ƙofarka ya tara maka mutane. Na ce ba a yi wa mai gida haka, ya ƙi ji, na karya shi."

Ammi na ce masa, wato baffa, yaron da na girmi ubansa. Na kuma ce mota. Nuraddeen ya ji, na ji kansa ya motsa a cinyata, na danne bakinsa da tafin hannu.

"A caje shi," in ji Meshari.

Raed ya laluba shi sama da ƙasa, ya juya shi a kan karyayyar ƙafar har ya suma. Babu komai, ko waya. Ya dubi jinin da ke malala daga ƙarƙashina. Na buɗe masa baki na nuna masa gurbin haƙoran, na tofa wani a gabansa. Ya ja da baya don kada ya taɓa masa takalmi.

Meshari ya leƙo sosai yana kallona, har da murmushi. "Da hannunka, ya shaiba? Wallahi irinku sun ƙare. Na yanzu ba su san girman wanda ke ciyar da su ba." Ya miƙo mini gorar ruwan da ya sha rabi.

Wuyansa bai fi kamu ɗaya daga fuskata ba. Ina ganin jijiyar tana bugawa a ƙasan kunne. Ƙotar ƙugiyar tana ƙarƙashin hannuna na dama, kuma ni ba Baturken fim ba ne, ni na riga na wuce masu gadi. Da na so, kafin Raed ya ɗaga sanda an gama. Duk Jidda babu wanda ya taɓa zuwa kusa haka. Na sa hannu biyu na karɓi gorar, na ce Allah ya ƙara arziki, na sha a gabansa, ruwan ya koma ja.

"Don darajar tsohon nan ba zan kira 'yan sanda ba," in ji shi. "Ya nemi wani kafilin, zan sake shi. Kada in ƙara ganinsa a layin nan." Gilashi ya hau.

Sai da ƙofar ta rufe a bayansu na ɗaga cinyata na zare ƙarfen. Muath ne ya fito da motar wani ya kwashe mu. A asibiti na ce daga kan tirela muka faɗo mu biyu, likitan ya dube ni ya dubi ƙafar, ya rubuta abin da ya rubuta. Ni ɗinki goma sha ɗaya, ko allurar kashe zafi ban bari sun yi mini ba. Shi aka sa masa ƙarfe a gwiwa, aka ce ba za ta ƙara lanƙwasawa ba, dako kuwa ya gama.

Mastura ta same ni a barandar asibitin. 

"Da hannunka, Baba?"

"Da hannuna."

"Ba ka iya riƙe shi ba? Ba ka iya kiran mutane ba? Sai ka nakasa shi?"

"Da na kira mutane da yanzu wani labarin ake yi. Je ki, yana ciki, yana numfashi. Ki tambayi matar Othman ko za ta karɓi gurgu."

Ta juya ta shige wurinsa. Har yau tana aiko mini da abinci, tana wanke mini kaya, amma ba ta zama. Raed yana nan a siton. Meshari na ji an ce ya buɗe na biyu.

Wani ɗan Agadas mai shagon yadi a kasuwar Bab Makka ya karɓi iƙamar Nuraddeen. Yana zaune a kan doguwar kujera a bakin shagon, ƙafar a miƙe a kan kwali, yana auna wa mata atamfa. Wata huɗu ban je ba. Ranar da na je na tsaya a bayan wasu mata 'yan umara har suka gama cinikinsu, sannan na nuna wani farin yadi da ba ni da abin yi da shi. Ya sauko da bandirin da hannun hagu, don na daman bai gama dawowa ba. Ya warware, ya ɗauki sandar awo, idonsa a kan yadin.

"Yadi nawa, Alhaji?"

Alhaji. Kamar wani baƙon da ya sauko daga bas.

Na ce biyar. Ya auna, ya yanka, ya naɗe, ya miƙo mini ba tare da ya ɗago ba, ya juya ga mai bi mini. Na tsaya a gefe cikin turmutsitsin kasuwar ina kallon yadda yake jayayya da wata tsohuwa a kan launi, jijiyar wuyansa na tashi, gumi na bin bayan kunnensa. Bari ya kira ni da duk abin da ya ga dama. Wuyan da maganar ke fitowa yana nan a jikin kafaɗarsa, kuma duk Bab Makka babu wanda zai ce maka wani ne ya bar masa shi ba ni ba.